Las Vegas ko Nuremberg: wane baje kolin bindigogi ya fi dacewa da baƙo?

Malam, ka tambaya wanne za ka je tsakanin baje kolin SHOT Show na Las Vegas a Amurka da IWA na Nuremberg a Jamus, tunda guzurinka na tafiya ɗaya ne. Kafin maganar wanda ya fi, akwai abin da ke kayar da mutane tun daga bakin ƙofa: duka biyun na 'yan kasuwa ne, ba na 'yan kallo ba. Sai ka yi rajista tun kana gida, ka nuna shaidar cewa kana sana'ar kayan farauta ko wasan harbi, ko kai jami'in tsaro ne ko ɗan jarida. Kuma ba a sayar wa mutum bindiga ya rataya ya fita. Gani ake yi, a taɓa, a yi ciniki na sari, kaya su biyo baya ta hannun dillali mai lasisi. A Las Vegas bindigogin da ke kan teburi ma an zare musu allurar da ke dukan harsashi, kuma ba a shiga da bindigar kai ko harsashi mai rai.

SHOT Show shi ne babban yaya a yawan jama'a. Ƙungiyar masu masana'antar bindigogi ta Amurka, NSSF, ce ke da shi, an fara shi a St. Louis a 1979, ya yi ta yawo gari-gari kafin ya zauna a Las Vegas daga 2010. A Janairu ake yi, Talata zuwa Juma'a, a zauren taro na Venetian Expo, kuma tun 2022 ya malala zuwa zauren Caesars Forum, da gada a tsakaninsu. Mutane sun haura dubu 50, masu rumfuna sun haura 2,000, layukan da ke tsakanin rumfunan in an haɗa su sun wuce kilomita 20. Kwana huɗu ba sa isa. Wanda ya shiga ba tare da ya rubuta rumfunan da yake nema ba, haka zai yini yana bilinbituwa, ya koma masauki da jaka cike da takardun talla da ƙafa a kumbure. Ga busasshiyar iskar hamada, ga musabaha da ɗaruruwan hannaye. Tsofaffin zuwa har suna suka raɗa wa murar da ake komawa gida da ita. Harbin gwaji da kake gani a bidiyo kuwa, ranar Litinin ake yinsa a wani filin harbi a Boulder City kusa da Las Vegas, kuma da gayyata ake zuwa, galibi 'yan jarida da manyan masu saye. Kada ka sa rai.

IWA ya girmi SHOT a shekaru, tun 1974 ake yinsa a Nuremberg, ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, shi ma kwana huɗu. Bai kai wancan girma ba, abin da na fi so game da shi ke nan. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin U1 daga babbar tashar gari, cikin kamar minti goma ka sauka a ƙofar filin. Ciki babu kiɗa da hayaniya irin ta Las Vegas. Mai rumfa zai ba ka kujera, ku yi rabin awa kuna magana. Yawancin masu baje kayan ba Jamusawa ba ne: Italiyawa, Turkawa, Sinawa, mutanen Cek, kowa da tasa.

Bambancin da ya fi nauyi yana cikin kayan. A Las Vegas kasuwar Amurka ce ke jan akala: ƙananan bindigogin kare kai, doguwar bindiga samfurin AR-15 da tarkacenta iri-iri, da babban sashe na 'yan sanda da soja. A Nuremberg an ware harkar jami'an tsaro, an yi mata nata taron, Enforce Tac, 'yan kwanaki kafin IWA. Abin da ya rage shi ne farauta da wasa: bindigar maharba mai baki uku, gindi na katakon goro da zanen hannu a jikin ƙarfe, madubin hangen nesa, wuƙaƙe, da bindigogin iska na gasar mita 10 irin ta Olamfik. In wasan harbi ne sana'arka kamar yadda na fahimta, Nuremberg ne gidanku.

Biza kowanne da tasa, ta Amurka ko ta Schengen (ta shiga ƙasashen Turai irin su Jamus), ka fara nema da wuri. Masauki duka yana tsada a makon, sai dai a Nuremberg kana iya kwana a garuruwan da ke kusa, Fürth ko Erlangen, ka riƙa shigowa ta jirgin ƙasa.

Ni dai Nuremberg zan ce maka a tafiyar farko. In kuma takardun sana'ar ba su cika ba, akwai waɗanda ake shiga da tikiti kawai: Jagd & Hund a Dortmund ta Jamus, British Shooting Show a Birmingham ta Ingila, ko Great American Outdoor Show a Harrisburg ta Amurka, mai kwana tara a Fabrairu.