Duba tawadar Allah wurin likitan fata a Yamai: inda aikin ya yi kyau da inda yake da saura

Yawancin tawadar Allah ba ta da wata illa, mutum ya tsufa da abarsa. Wadda ake kai wa likita ita ce wadda ta sake kama: ta ƙara faɗi cikin ƴan watanni, bakinta ya daina zama a zagaye, launinta ya rabu biyu ko uku, faɗinta ya wuce milimita 6, ko ta fara ƙaiƙayi da zubar jini. Abin da ake tsoro shi ne sankarar fata da likitoci ke kira melanoma. A jikin baƙar fata ta fi fitowa inda ba a dubawa, wato tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Daga farcen babban yatsan ƙafa ta fara wa mawaƙi Bob Marley, ita ce kuma ajalinsa a 1981.

A Yamai akwai sashen cututtukan fata a Babban Asibitin Ƙasa, wasu likitocin fatar kuma suna ganin mutane a kilinik na kuɗi. Duban kansa ba ya ɗaukar lokaci, kuma a nan aikin ya cancanci yabo. Likita zai tambayi yaushe aka fara ganin tabon da yadda yake a da, ya auna faɗinsa, ya ɗora masa ɗan madubi mai fitila da ke ƙara girman abu kamar sau 10. Wanda ya san aikinsa ba ya tsayawa kan tabon da aka nuna masa. Zai ce a cire takalmi, ya buɗa tsakanin yatsu, ya laluba hammata da matsematsi ko akwai kaluluwa. Mai lalle a ƙafa gara ta bari ya goge kafin ta je, don lalle yana rufe abin da ake nema. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, musamman ga ƙananan baƙaƙen ƙuraje masu tasowa a kumatu da wuya in shekaru sun ja, waɗanda ba sankara ba ne.

In tabon ya ba likita shakka, yankewa ake yi. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a cire shi ɗungurungum da ɗan gefen lafiyayyar fata kamar milimita 2, a ɗinke. Zaren fuska ana cire shi bayan kwana 5 zuwa 7, na baya ko ƙafa sai ya kai sati biyu. Naman da aka cire ana jefa shi nan take cikin kwalba mai ruwan formol, wato maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai ɗakin awon nama.

To a nan gizo ke saƙa. Akwai wuraren da, don sauri, ake ƙone tabo da na'urar lantarki a sallami mutum. Ga ƙurjin da aka tabbatar ba shi da illa, babu laifi. Ga tabon da ya sake kama kuwa ɓarna ce, domin an ƙone shaidar. Mai awo yana buƙatar naman ne don ya auna zurfin ciwon: wanda bai kai milimita 1 ba, yanka kaɗai yakan gama da shi, wanda ya haura milimita 4 kuwa sau da yawa ya riga ya kama hanyar kaluluwa. Zurfin ne kuma ke nuna yawan fatar da za a ƙara yankewa a aiki na biyu, santimita 1 ko 2. Askar wanzami da maganin tsiyayawa da ake sayarwa a kasuwa duk wannan ɓarnar suke yi: sama ya warke, saiwa tana ƙasa tana aiki.

Ƙorafi na biyu shi ne bayani. Kuɗin ganin likita daban, na yanka daban, na awo daban, kuma ba kullum ake faɗa wa mutum haka tun farko ba, sai kwalba ta zo hannunsa. Sakamako yakan ɗauki makonni, wanda ya zo daga Tahoua ko Ƙonni ya koma gida, ɗinki ya warke, ya ɗauka shi ke nan. Kafin a kwanta a yi yankan, a tambayi likita kai tsaye: "Likita, za a kai naman awo? Wa zai kai, kuma yaushe zan dawo karɓar takarda?" A rubuta suna, kwanan wata da gaɓar da aka yanka a jikin kwalbar, kada a sa ta a firiza, kada kuma a bar ta cikin mota a rana. In takardar ta nuna sankara ce, akwai Cibiyar Yaƙi da Cutar Kansa ta Ƙasa nan Yamai, a tafi can da asalin takardar a hannu.