Mai gyaran da ya sauya mini Windows da Linux Mint, kusa da Kasuwar Dole

Masu gyaran kwamfuta a Damagaram ba su da wuyar samu, amma ka ce wa yawancinsu a cire Windows daga sabuwar na'ura a sa wani tsari irin su Linux Mint, kallon da za a yi maka ma ya ishe ka. Akwai wani ɗan shago a layin masu waya kusa da Kasuwar Dole da ke wannan aikin. Abokan aikina a lakwal sun dame ni da tambaya a kansa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Sunan shagon zan bar shi, don akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

Ƙanena ne ya sayo mini kwamfutar daga Kano, sabuwa fil a kwali, RAM giga 8, ma'aji giga 256, da Windows 11 a ciki. Lafiyarta lau. Sai dai tsarin an tsara shi ne don mai intanet ba yankewa: sigar Home tun kunnawar farko take neman ka haɗa da intanet ka shiga da asusun Microsoft, sabuntawa kuma ta riƙa sauka a kai a kai. Ni da forfen waya nake aiki, mega ɗaya ma a lissafe take. Abin da nake yi kuwa bai wuce buga jarrabawa, haɗa makin ɗalibai da ɗan karatu ba.

Mai shagon matashi ne, marar yawan magana. Kafin ya taɓa na'urar sai da ya titsiye ni: "Mushe, me kuke yi da ita? Wace firinta gare ku? Kuna aiki da Photoshop ko AutoCAD?" Na ce a'a. Ya ce da na ce e, da ya sallame ni da Windows ɗina, don waɗannan ba su da sigar Linux. Mai neman kuɗinka kawai ba ya fara da tambayar da za ta iya kore ka.

Inda ya fi burge ni shi ne abin da ya yi kafin gogewa. Ya karɓi kle ɗina na USB mai giga 32, ya haɗa mini na maido da Windows a kai, ya manna masa farin salatif ya rubuta kwanan wata da biro. Ya bayyana mini cewa lasisin Windows na irin waɗannan sababbin na'urori a jikin babban allon da ke cikin na'urar yake, gogewa ba ta cinye shi, duk ranar da na so komawa zai farfaɗo. Daga nan ya soka nasa kle, ya tayar da Linux Mint daga kansa ba tare da an girka komai ba, ya juyo da kwamfutar gabana. "Ku gwada da hannunku." Muka haɗa ta da wifin wayata, muka kunna sauti, muka buɗe kamara, ya danna maɓallan ƙara haske da ragewa ɗaya bayan ɗaya, har lasifikar kunne sai da ya ara wajen maƙwabcinsa ya soka.

Da aka zo girkawa sai na'urar ta ce ba ta ga ma'ajin ba. Gabana ya faɗi. Shi ko gezau: ya sake kunnawa yana ƙwanƙwasa F2 da ɗan yatsa, ya shiga BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar, ya mayar da saitin ma'ajin daga RST zuwa AHCI, shi ke nan ya bayyana. Ya hana ni ajiye tsarin biyu tare, ya ce giga 256 in aka raba, kowane ɓangare zai zauna a takure.

Mint 22 ya sa mini, wanda aka gina kan wani tsarin Linux mai suna Ubuntu 24.04, ana kuma ci gaba da kula da shi har 2029. Wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara shi a 2006, kuma Faransancin cikinsa cikakke ne, ba ka laluben komai. Allon rubutun kwamfutocin Kano QWERTY ne, jerin Ingilishi, hannuna kuwa ya saba da AZERTY na Faransanci. Ya so ya sayar mini da takardun mannawa a kan maɓallai, na ƙi, don zafin watan Afrilu zai ɓamɓare su. Sai ya saita mini tsarin da ke fitar da é da ç a kan QWERTY, ya ƙara na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, ina sauyawa daga wannan zuwa wancan.

To, ga inda suka gaza. Jaka biyar aka ce mini da farko. Da aka gama, yaron shagon ya ce in ƙara jaka biyu, wai kuɗin intanet ɗin da aka sauke sabuntawa da shi. Kuɗin ba su fi ƙarfina ba, amma ciniki a gaba ake faɗarsa. Shagon ba shi da sola ba shi da janareta. Da aka ɗauke kuran, na'urar wifinsu ta mutu, muka zauna a benci ɗaya tal muna fifita da kwali. Kuma maigidan ya bar wa yaron ƙarashen aikin ya tafi salla, yaron ya sa mini 1234 a matsayin kalmar sirri bai ko faɗa mini ba, ya kuma tsallake wurin da ake zaɓar kodek, wato manhajojin da ke buɗe bidiyo da sauti, sai da na je gida na tarar wasu bidiyoyi ba sa buɗewa. Da na koma maigidan ya gyara kyauta, ya ba da haƙuri, ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya kuma kunna mini Timeshift mai ajiye hoton tsarin don ranar ɓacin rana.

Yanzu da LibreOffice, madadin su Word, nake buga komai. Takardar Word mai teburori da yawa takan ɗan goce, saboda haka abin da zan kai wa darakta a PDF nake fitar da shi. WhatsApp ta Firefox nake buɗewa. Sabuntawa kuma tana jira har in danna da kaina. Abin da ban zata zai yi mini daɗi haka ba shi ne maganar kle: cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi, wadda ake kwasowa a shagunan fotokofi, ba ta tashi a nan. Amma tana nan kwance a kle ɗin, ka miƙa wa mai Windows ta kama shi.

Wanda zai je, ya fara tambayar wanda ya sayar masa ko sauya tsari zai taɓa garanti. Ya tafi da kle ɗinsa da caja, da firinta in za ta hau kabu-kabu, a yanke kuɗi har da na intanet tun kafin a fara, kuma ya ce maigidan ne zai ƙarasa da hannunsa. Ranar Alhamis kada ma ya soma, cinkoson kasuwa ba zai bar shi ya isa ƙofar shagon ba.