Kafin ku biya kuɗin "maganin sauraro" ga yaron da ƙara ke damu

Matsaloli biyu ne iyaye kan haɗa wuri guda. Akwai yaron da ke toshe kunne yana ihu da zarar an tada janareto ko injin markaɗe. Akwai kuma wanda gwaji ya nuna jinsa lafiya lau, amma a aji mai hayaniya maganar malami cakuɗe masa take yi, kullum sai "Na'am? Me aka ce?" Na farko ƙara ce ke yi masa zafi, na biyu kuwa ƙwaƙwalwa ce ke shan wuya wajen tace magana daga surutu. Maganinsu ya bambanta.

Ko wanne ne, a fara da likitan kunne, kamar a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen kunne na asibitin koyarwa. A gwada ji, a duba dodon kunne, domin ruwan da ke taruwa a bayansa yakan kawo irin waɗannan alamu. Gwajin tace magana kuwa galibi sai yaro ya kai shekara 7, kuma yawancinsa da Turanci aka tsara shi, don haka yaron da Hausa ce a bakinsa zai iya faɗuwa saboda harshe kawai.

Shirye-shiryen da aka fi tallatawa kiɗa ne da aka sarrafa, ana sa wa yaro ta hedifon. Tsarin Tomatis, na likitan Faransa Alfred Tomatis, yana amfani da kiɗan Mozart da hedifon mai aika sauti ta ƙashin kai, kuma yakan ci makonni. Na Guy Bérard awa 10 ne: zama 20 na minti 30, sau biyu a rana, kwana 10. Safe and Sound Protocol na Stephen Porges awa 5 ne. The Listening Program a gida ake yi, minti 15 sau ɗaya ko biyu a rana. Duk suna da tsada, kuma hujjarsu ba ta da ƙarfi. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta yi a 2011 ba ta sami shaidar cewa irin wannan magani yana amfanar yara masu otizim (larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) ba, ƙungiyar ƙwararrun ji da magana ta Amurka (ASHA) ma tun 2004 ta ce tsarin Bérard bai cika ma'aunin kimiyya ba. Iyayen da suka ga sauƙi ba ƙarya suke yi ba. Yaro yana girma, kuma zama cikin natsuwa kusa da babba kullum shi ma yana da tasiri.

Ga mai matsalar tace magana, kuɗin ya fi amfani a makirufo maras waya, irin Roger na kamfanin Phonak. Malami ya maƙala shi kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, muryarsa ta tafi kai tsaye cikin kunnen yaro. Inda ake samun cikas: batir ba caji, ko hijabi ko babbar riga suna gogar makirufon, ko a manta a kunna. Kujerar gaba, nesa da taga, ba ta cin ko kwabo.

Ga mai jin zafin ƙara, sabo a hankali ya fi. A naɗi ƙarar da yake tsoro a waya, a ba shi wayar ya riƙa ƙara sautin da kansa, mintuna kaɗan a rana, a tsaya kafin ya firgita. Abin toshe kunne na biki da kasuwa ne kawai; sa shi yini guda yana ƙara wa kunne rashin juriya.

In har za ku gwada kiɗan, ku tambayi mai shirin wane hali zai canza, da yadda za a auna shi kafin da bayan. Sautin kada ya wuce desibel 75 (ma'aunin ƙarfin sauti), iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa yara na awa 40 a mako, kuma a dakata idan barci ya lalace ko kuka ya ƙaru.