Sharhi kan littafin yara The Lion Inside: ɓeran da ya je neman ruri wurin zaki

Na sayi wannan littafi ne saboda 'yata mai shekara biyar, wadda malamarta ta shaida mini cewa ta san amsar yawancin tambayoyin da ake yi a aji, amma da zarar an kira sunanta sai ta sunkuyar da kai, ta yi shiru har a wuce ta. Yau wata biyu ke nan muna karanta shi kusan kowane dare bayan sallar isha'i, don haka ina ganin na san shi sanin da zan iya faɗin ra'ayina a kansa.

Rachel Bright, marubuciya 'yar Birtaniya, ita ta rubuta shi, Jim Field ya yi zanen hotunan, kamfanin Orchard Books kuma ya buga shi a shekarar 2015. Labarin gajere ne, cikin shafuka 32. Wani ɗan ɓera ne yake zaune a ƙarƙashin wani falalen dutse a tsakiyar daji, kuma saboda ƙanƙantarsa da rashin muryarsa babu wanda ya san da zamansa: a taka shi, a zauna a kansa, a yi sha'ani a manta da shi. A saman dutsen kuwa zaki ne, wanda in ya yi ruri kowa sai ya shiga taitayinsa. Sai ɓeran ya yanke shawarar zuwa wurin zakin ya koya masa ruri, alhali ya san cewa abin da zai je nema na iya mayar da shi abincin dare. Ya yi ta maza ya hau dutsen, ya tsaya dab da hancin manyan dawa, ya yi roƙonsa da 'yar siririyar muryarsa. Zakin ya buɗe ido, maimakon ruri sai ya ƙwalla ƙara jikinsa na ɓari, domin ashe babu abin da yake tsoro a duniya kamar ɓera.

Abin da ya fi burge ni shi ne har littafin ya ƙare ɓeran bai koyi rurin ba. Da muryar nan tasa da kowa ya raina ya lallashi zakin, ya kwantar masa da hankali, har suka ƙulla abota suka ci gaba da zama tare a kan dutsen. Wannan yana da muhimmanci a gare ni, domin a gidajenmu muna tarbiyyantar da yara a kan kunya da kawaici, kuma ba na son littafin da zai nuna wa 'yata cewa jarunta ita ce ɗaga murya ko tsaurin ido a gaban manya. Sai dai sau da yawa mu iyaye muna haɗa kunya da tsoro mu kira su da suna ɗaya, mu yabi yaron da ya noƙe a lungu da cewa yana da ladabi, alhali a zuciyarsa yana so ya yi magana, fargaba ce ta hana shi. Ɓeran wannan labari bai zubar da ladabinsa ba, roƙo ya yi cikin girmamawa, amma bai bar faɗuwar gaba ta tsayar da shi a gindin dutse ba.

Hotunan su ne rabin labarin. Jim Field ya cika shafukan da launin rawaya da ruwan ƙasa irin na daji a lokacin rani, ya ba ɓeran manyan kunnuwa da suka kusa fin jikinsa, ya ba zakin geza a tashe kamar ta mai ji da kansa. A shafin da suka yi ido biyu, fuskar zakin ta mamaye wuri, ɓeran kuwa ɗan mitsitsi ne a gabanta. Daren farko da muka iso nan 'yata ta riƙe hannuna ta hana ni juya shafi, tana tambaya ko cinye shi za a yi.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya sani. Littafin da Turanci aka rubuta shi, cikin baitoci masu amsa-amo, kuma marubuciyar tana wasa da kalmomi har tana ƙirƙiro nata, abin da zai yi wa yaron da bai yi nisa da Turanci ba nauyi. Ni nakan karanta baitin yadda yake don ta ji daɗin sautinsa, sannan in sake ba da shi da Hausa kamar tatsuniya, ko da yake amsa-amon yakan salwanta a hanya. Na biyun ya fi damuna: nasarar ɓeran ta zo da sauƙi, tun da dace ya yi zakin matsoraci ne. Yaro mai wayo zai tambaya, to da zakin bai ji tsoro ba fa? Tawa ta tambaya, kuma dole na zauna na bayyana mata cewa tunkarar malama da tambaya daban, tunkarar abin da zai cutar da ita daban. Littafin bai yi wannan bayani ba, ya bar wa iyaye.

Duk da haka ina ba iyayen yara 'yan shekara uku zuwa shida shawarar su neme shi, kuma mai ƙananan yara da yawa a gida gara ya ɗauki bugun mai shafukan kwali, domin namu mai bangon takarda har ya fara yagewa a gefe. Ba zan ce 'yata ta sauya hali a makaranta ba, har yanzu muryarta ƙasa-ƙasa take. Amma a 'yan kwanakin nan, in muka zo wurin da ɓeran zai yi magana, takan sa hannu ta rufe mini baki, ta ce, "Baba, bari ni zan faɗa."