Wankin bututun mahaifa da anka yi min, ga yadda ta kasance

Shekara biyar da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mun yi gwaje-gwaje har mun gaji, ƙwai na fita lafiya, maigida ma anka auna maniyyinshi anka ce ba matsala, likita ta ce namu irin wanda ba a gano dalili ba ne, sai ta turo ni hoton HSG, wato hoton da ake duba ko bututun mahaifa biyu, hanyoyin da ƙwai ke bi, a buɗe suke, shi ne ake ce wa wankin bututu.

'Yan uwa wannan fa ba wankin ciki ba ne irin na bayan ɓari, don Inna da ta ji kalmar wanki hankalinta ya tashi sai da na zaunar da ita. Bayan jini ya ɗauke anka ba ni rana, kwana na tara da fara al'ada, sunka fara gwada ni ko akwai ciki. Na kwanta kan gadon hoto mai sanyi ƙarara, anka zura wani siririn bututu ta bakin mahaifa anka tura ruwa, ina kallon allo ruwan na bin hanyoyin nan biyu kamar zare har ya zuba ta ƙarshe, wallahi sai da hawaye sunka zo min da na ga a buɗe suke. Ciwo kam akwai, murɗar mara ce irin ta al'ada amma ta fi ta, minti goma sha biyar an gama. Kuskurena na hau kabu-kabu zuwa unguwar Mabera cikin ranar nan, ku samu mai rakiya da mota.

Abin da ya ɓata min rai ba wanda ya faɗa min ruwan kala biyu ne, akwai na ruwa akwai na mai, Lipiodol. Binciken da anka yi a Holan, wanda ya fito 2017, mata 1,119, cikin wata shida kusan kashi 40 cikin ɗari na masu mai sunka samu ciki, masu ruwa kashi 29. Ni na ruwa anka sa min. Ku tambaya tun kafin ku biya kuɗi, kuma mai ciwon maƙoƙo ta faɗa wa likita don man na da aidin sosai.

Yanzu wata na uku, cikin bai zo ba tukuna, amma ban yi nadama ba ko kaɗan, na dai daina shan sassaƙen buɗe hanya tunda na gani da idona. Wata na shida likita ta ce mu koma ni da shi.