Amsa kan ƙananan jirage daga Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayar da kuka aiko bayan kun ga hotona a ƙaramin jirgi, wato ko sai hamshaƙin attajiri ke mallakar irinsa a nan Amurka.

Jirgin da kuka gani Cessna 172 ne mai kujera huɗu, samfurin da aka fara sayarwa a 1956, kuma an ƙera fiye da 44,000. Na abokin aikina ne da wasu mutum uku, waɗanda suka haɗa kuɗi suka saye shi na hannu, kowa yana biyan rabonsa na inshora da hayar rumfar ajiya. Ya nuna mini cewa sayen ba shi ne babban nauyi ba, riƙon ne: doka ta wajabta makaniki mai lasisi ya binciki jirgin duk shekara, injin kuma akan kwance shi a sabunta bayan kimanin sa'a 2,000 na tashi. Lasisin tuƙi daga FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, yake fitowa, ga wanda ya kai shekara 17, ya ci gwajin likita da jarrabawa, ya kuma cika aƙalla sa'a 40 a sama, ko da yake yawancin ɗalibai sai sun haura 60.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hidimar da ke kewaye da jirgin. Filayen sauka da aka buɗe wa jama'a sun kai kusan 5,000, kuma mafi yawansu ba su da hasumiyar ba da umarni. Matuƙa ne ke sanar da juna matsayinsu ta rediyo. Ranar da muka sauka a wani ƙauye bayan magariba babu ma'aikaci ko ɗaya a filin, amma abokina ya danna maɓallin rediyonsa sau bakwai tun muna sama, sai fitilun titin sauka suka kama. Da muka tsaya ya sa katin banki a famfo, ya hau tsani, ya zuba mai a tankunan da ke cikin fukafukai da hannunsa. Man shuɗi ne, ana kiransa 100LL, jirgin kuma yana shan kimanin galan 8 a sa'a.

A gida ba mu rasa ilimin ba, domin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana horar da matuƙa tun bayan kafa ta a 1964. Sai dai wannan man yana da tsada da wuyar samu a Najeriya, har kwalejin ta koma ga jiragen Diamond masu amfani da man manyan jirage. Saboda haka, kafin Alhaji ya sa kuɗinsa a sayen irin wannan jirgi kamar yadda kuka ce yana niyya, ina roƙon ya fara tabbatar da inda zai riƙa sayen mai a Kano, da makanikin da zai sa masa hannu a takarda kowace shekara.