Kafin ka sayi ƙarin amino asid don tsohuwar goɗiya mai ciki

Goɗiyar da ta haura shekara 15 kuma tana ɗauke da ciki, ba sai an faɗa maka tana ramewa ba. Shafa hannunka a gadon bayanta, za ka ji ƙashi inda da can tsoka take, alhali ciki yana ta girma. Daga nan ne mai doki yake fara duba robobin garin amino asid masu tsada, wato sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin. Shawarata, a fara da lissafi.

Cikin goɗiya kusan kwana 340 ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗan a watanni uku na ƙarshe yake faruwa. Amino asid ɗin da ya fi saurin ƙaranci a abincin doki shi ne laisin, sai tiriyonin da metiyonin. Idan laisin ya gaza, sauran furotin ɗin ba zai gina tsoka yadda ya kamata ba, kome yawansa. Jadawalin da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2007 ya nuna goɗiya mai nauyin kilo 500 tana bukatar laisin kusan giram 27 a rana idan ba ta da ciki, kusan giram 38 a wata na 11, sannan sama da giram 80 a watan farko na shayarwa. Da waɗannan alƙaluman za ka auna duk abin da mai sayarwa ya miƙo maka.

Mafi sauƙi shi ne dusar waken soya da aka tatse mansa. Furotin ɗinta kashi 44 zuwa 48 cikin ɗari ne, laisin kuwa kusan kashi 3, wato rabin kilo zai ba ta wajen giram 14 ko 15. Sharaɗi ɗaya: wadda aka gasa. Ɗanyen wake yana da sinadarin da ke hana narkewar furotin. Aibinta, ba ta cike gurbin ma'adinai irin su kofa (jan ƙarfe) da zink, kuma ɗan yana tara su a hantarsa tun yana ciki. Ciyawar alfalfa ma tana taimakawa, ga furotin ga kalsiyam, sai dai haƙora take bukata.

To, haƙoran nan su ne abin da ake yawan mantawa. Leƙa ƙarƙashin akushin abincinta da safe. Idan ka ga dunƙulen ciyawa jiƙe da yawu, an tauna an tofar, matsalar a baki take, ba a buhu ba. A kira likitan dabbobi ya gyara haƙoran, ya kuma duba cutar nan ta tsofaffin dawaki da ake kira PPID, wadda ita ma tana zubar da tsoka. Irin wannan goɗiyar, cikakken abincin tsofaffin dawaki da ake jiƙawa ya zama kamar fate shi ya fi dacewa da ita. Amma ka karanta jikin buhun: sai an ba ta kilo da yawa a rana kafin ta samu abin da aka rubuta.

Wanda ni na fi so ga goɗiya mai jiki da sauran haƙora shi ne ɗan abincin daidaitawa, mai furotin wajen kashi 30 cikin ɗari, da ake bayarwa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana. Yana haɗa laisin da ma'adinai da bitamin ba tare da ya sa ta ƙiba ba. Kada yawan furotin da aka rubuta ya ruɗe ka. Nemi layin da ya faɗi adadin laisin. Kamfanin da ya ɓoye wannan, ni dai ba na sayen kayansa.

Garin laisin zalla yana da amfani idan komai ya daidaita sai shi kaɗai ya rage. Wanda aka fi sayarwa, laisin HCl, kusan kashi 78 cikin ɗari ne laisin, don haka giram 10 bai wuce giram 8 ba. A auna da sikeli, ba da cokali ba.

Saura ajinin, wani amino asid da ake tallatawa don tsofaffin goɗiyoyi. Dalilin yana da tushe: jiki yana yin sinadarin da ke buɗe jijiyoyin jini daga gare shi, kuma mahaifar tsohuwa ba ta kai wa ɗa abinci kamar ta matashiya. Sai dai ajinin da laisin hanya ɗaya suke bi a hanji, idan ajinin ya yi yawa sai ya tare wa laisin. Ba abin da za a zuba da ka ba ne, sai likita ya tsara adadin.

Abincin shanu kuwa, kome arharsa da yawan furotin ɗinsa, kada ya kusanci goɗiyarka. Sau da yawa akwai yuriya a ciki, wani ma da monensin, maganin da ake sa wa abincin shanu, wanda kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki har ya kashe shi.